Ranar da Aka Yi wa Goggo Hilda Wanka

Ku matso kusa, jama'a, yau bakina a cike yake. Masu damuna da saƙo safe da yamma, "Merle, wai ya aka ƙare da mutumin naki?", ku gyara zama, ga ni na zo. Ku yi haƙuri in kun ga rubutun ya karkace, har yanzu yatsuna duk mai ne, wayar sai sulɓewa take.

Wanda yau ya fara leƙo mu, sunana Merle, shekarata ashirin da bakwai, ni kaɗai iyayena suka haifa. Amma kada ku yi saurin ce min 'yar gata, don a gidanmu akwai wadda ta fi ni gata nesa ba kusa ba. Sunanta Goggo Hilda. Ita ke da ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ita ake shafa wa mai duk Asabar, ita ake lulluɓa wa bargo in za a fita da ita. Kuma ba mutum ba ce. Bindiga ce mai jigidar harsashi, ragowar yaƙin duniya na biyu, doguwa, baƙa, mai ƙafa biyu a gaba, nauyinta ya kai na yaron da aka yaye. Marigayi kakana ne ya raɗa mata sunan.

Sana'armu ke nan tun zamaninsa. Muna ba masu shirya fim hayar tsofaffin makamai a nan bayan garin Potsdam, mu bi su wurin ɗauka, mu harba musu, mu kwaso kayanmu mu dawo. An daɗe da yi wa Hilda gyaran da ba za ta ƙara cin harsashi na gaske ba, sai na wasa, mai ƙara da wuta da hayaƙi amma babu dalma. Duk da haka in ta buɗe baki ba ka jin tau-tau irin na sauran bindigogi. Ji za ka yi kamar an kama sabon yadi an yage. Saboda muryar nan daraktoci ke rububinta, da ita kuma aka saya min takalman makaranta.

Babana Detlef kuwa, ban san yadda zan kwatanta muku shi da Hilda ba. Ranar da aka haife ni sai da yamma ya iso asibiti, wai Hilda ta shaƙe ana tsakiyar fim. Mama ta ce ta yafe, amma duk shekara in an yanka min kek sai ta tuna masa.

To ga al'adar gidan. Duk namijin da ke son auren 'yar gidan nan sai ya ba da Asabar guda, a warwatsa masa Hilda gunduwa-gunduwa, ya goge ta, ya mayar da ita tsaf. In ya ci, a ɗauko tsohuwar safar hannu ta kakana, wadda yake zare bututun bindigar da ita in ya yi zafi, a zura masa a hannun dama, a yi hoto. Mijin ƙanwar Baba da haka ya shigo dangi. Safar tana cikin wani akwatin katako a saman kabad ɗin falo. Tun rasuwar kakana Baba bai buɗe shi ba, in ma zai wuce ta wurin har murya yake ragewa.

Na san me za ku ce. Merle, ke da hankalinki, da aikinki, da lasisinki na riƙe makami, wa zai hana ki aure? Babu. Shi kansa Baban ya faɗa min.

"Ke babba ce. Ofishin ɗaurin aure ba ya tambayar izinina. Ki je ki auri duk wanda kika ga dama. Amma mutumin da bai sa safar nan ba, ƙafata ba za ta taka wurin bikinsa ba."

Ni kuwa ina son babana, da taurin kansa da gashin bakinsa da komai. Tun ina ƙarama nake hango kaina ina shiga zauren biki riƙe da hannunsa. In babu hannun nan, ni kam gara a sallami makaɗa.

Samari biyu sun gwada kafin yanzu. Sven ya saki babban sifirin ɗin cikinta, ya yi tsalle ya fasa taga, ya bi ta kan karen maƙwabta. Maik kuma, sarkin cika baki, ya ce shi ba ya buƙatar wata safa, ya damƙi bututun ana gama harbi. Ihun da ya yi har masu wucewa a titi sai da suka tsaya. Ban yi kukan ko ɗaya ba. Amma Tilman daban ne.

Tilman ɗan Kudu ne, daga wajen Stuttgart, mutanen nan da ke raba kwanan sharar titi tsakanin maƙwabta, wanda ya tsallake nasa kuma a shekara ana zancensa. A asibiti yake aiki, sashen wanke kayan tiyata. Safar ƙafarsa ma goge ta yake yi. In ya ga gizo-gizo a bango, kofi yake kifa masa ya kai shi waje, har da ce masa a sauka lafiya. Ran nan ya buge da ƙofa, da kunnena na ji ya ba ta haƙuri. Ni da na tashi cikin hayaƙin albarushi da ihun daraktoci, ranar da na fara jin muryarsa sai na ji zuciyata ta samu wurin zama. Ina son sa, jama'a, son da ni kaina yake ba ni kunya.

Yau Asabar ita ce ranarsa. Tun da sassafe na canja kaya sau uku, na ƙare a shuɗiyar riga mai ƙananan furanni da Mama ke cewa tana sa ni kama da mai hankali. Yana buga ƙararrawa na riga kowa zuwa ƙofa, amma Baba na bayana. Ga Tilman tsaye, farar riga ƙal, an goge ta har tana ɗaukar ido, furanni a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma jaka cike da burushi iri-iri.

Baba ya dube shi daga sama har ƙasa. "Wannan farar rigar fa? Biki ka zo ko aiki?"

"Don in riƙa ganin datti da wuri ne, Baba."

"Baba? Da sauranka, yaro. Maigida za ka ce."

"To, Maigida."

Ya cire takalmansa ya jera su a bakin ƙofa, ya ga namu a warwatse, ya sunkuya ya jera su su ma. Mama ta karɓi furanni tana washe baki, ta raɗa min, "Ke, in kika bar wannan ya kuɓuce, ni zan aure shi."

Hanyar shagon aiki ta kicin ɗin Kaka take bi, bango ɗaya ne tsakaninsu da ƙofa. Kaka Irmgard, mahaifiyar Baba, ta haura casa'in, amma idonta ras, bakinta kuma ya fi idon. Ita kaɗai ce a gidan ba ta taɓa kiran Hilda da suna ba, sai dai ta ce "ƙarfen nan". Mun same ta tana zaro kek ɗin tuffa daga tanda da wata ƙatuwar tsohuwar safa da ta yi baƙi ƙirin, wadda tun ina rarrafe nake ganinta da ita. Tilman ya rusuna ya gaishe ta.

"Kai ne na ukun?" in ji ta. "Allah sarki. Ka ci abinci dai ko? Na biyun da yunwa aka kai shi asibiti."

Baba ya fara da nuna masa abin da zai tara. Ya kai mu rumfar gwaji a bayan shago, kowa ya toshe kunne, ya girke Hilda a kan ƙafafunta, ya ɗaga murfin, ya kwantar da jigidar harsashi, ya rufe. Yana taɓa kunamar bindigar gidan ya amsa. Kafin ka haɗiye yawu jigidar ta ƙare, kwanson harsashi na ta gangara a ƙasa. Na waiwaya neman Tilman ban gan shi ba. Ashe yana zaune daɓas a kan bokiti, fuskarsa ta koma launin rigarsa.

"Lafiya?" in ji Baba.

"Lafiya lau, Maigida. Ƙafafuna ne suka ce in ɗan zauna."

Baba ya sa sabuwar safarsa ta aiki, ya buɗe 'yar ƙofar da ke gefen bindigar, ya zaro bututun yana huci, ya ajiye a kan bulo ya huce. Sannan aka dawo shago, ya shimfiɗa tsumma a kan tebur ya shiga warwatsa ta yana wa'azi. A fara dubawa babu komai a cikinta, ko da shi da kansa ya rantse babu. Abin da aka fara cirewa shi ne na ƙarshen mayarwa, don haka a jera su bi da bi. Harsashin wasa ya fi na gaske datti, baƙin hayaƙinsa shiga yake kowane lungu ya daskare, sai an bi shi da burushi da haƙuri. Mai kuma kaɗan ake sawa, in ya yi yawa yashi yake kira. Ya ɗaga wasu ƙananan ƙarafa biyu masu kama da goro, ya ce su ke kulle ta kafin ta yi magana, in ɗaya ya ɓata Hilda ta zama bebiya.

"Jibi Litinin da asuba tana da fim," ya ce. "Sojoji ɗari za su kwanta a laka suna jiran muryarta. Ka gane?"

"Na gane, Maigida."

Ku lura da kyau, duk tsawon wa'azin nan Baba bai ce kada a sa mata ruwa ba. Wa zai faɗi wannan? A gidanmu ko jariri ya sani.

Doka ta hana yarinya zama a shago, kada ta taimaka. Aka kora ni sama wurin Mama, wadda tuni ta baje hotunan rigunan amare a kan gado tana lissafa min 'ya'yan ƙawayenta da suka haihu. Ni dai ina "eh, Mama", wayata na ƙarƙashin matashi.

Tilman: Na fara. Baƙin nan ba ya fita. Shekara nawa rabonta da wanka?

Ni: Ba wanka ake ce masa ba. Goge kawai. Baba na nan?

Tilman: Yana tsaye a kaina. Yana numfashi.

Ni: Haka yake numfashi. Ci gaba.

Tilman: Rigata ta mutu.

Ni: Allah ya ji ƙanta. Ina son ka.

Tilman: Ni ma. Darakta ya kira Maigida, wai ya zo ya duba ramin da za a girke ta. Ya kulle gangar jikin a ɗakin ƙarfe, ya bar min kayan cikin. Ya ce Kaka ta sa min ido.

Ina cikin rubuta amsa sai na ji an fizge wayar. Mama ce.

"Satar amsa ko? Kina so ubanki ya ce an yi maguɗi a sake daga farko? Tashi ki gwada min wannan mayafin."

Ta jefa wayar a aljihun rigarta. Ina ji tana ƙugi a can, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Haka na wuni ana kafa min allurai a ka. Sai da lokacin shan kofi na la'asar ya yi ta miƙo min, ta ce in sauka in jera kofuna. A kan matakala na buɗe.

Tilman: Kaka ta shigo. Ta ce me ya sa nake wahalar da kaina.

Tilman: Ta tambayi yadda muke wanke ƙarfe a asibiti. Na ce da ruwan zafi, a inji. Ta ce to ita ma tana da inji.

Tilman: Na ce anya Maigida zai yarda? Ta ce ita ta haifi Maigidan, kuma ta girmi bindigar.

Tilman: Kada ki damu, mun samu dabara ni da Kaka. Za ki yi alfahari da ni.

A ƙasa ga hoto. Injin wankin kwanuka na Kaka, a rufe, 'yar jar fitilarsa na ci.

Wayyo ni Merle! Ban san yadda na sauko sauran matakalar ba, ina jin da duwawu na ƙarasa. Na faɗa kicin da mayafi a ka da allurai. Ga Kaka zaune tana yanka kek, ga Tilman yana goge teburin da ya riga ya goge, fuskarsa fal murna. Injin ya gama tuntuni, sai ɗumi yake fitarwa. Kafin in buɗe baki na ji motar Baba ta tsaya a tsakar gida.

Ya shigo yana fito, ya wuce shago. Fiton ya tsaya. Ya dawo.

"Ina kayan cikin Hilda?"

"Suna bushewa, Maigida," in ji Tilman.

"Suna me?"

Tilman ya taka da ƙafarsa, ya ja ƙofar injin da alfahari irin na mai buɗe sabon shago. Tururi ya bugo, mai ƙanshin lemun tsami. Da ya lafa, sai ga Goggo Hilda. Bututun na kwance a karkace a ƙasa tsakanin faranti. Jigidar an shimfiɗe ta a sama, an zagaya da ita tsakanin kofuna. Ƙananan ƙarafan kuma suna cikin kwandon cokula, an jera su daga babba zuwa ƙarami.

"Har da kwanukan rana?" Muryar Mama ce daga bayana.

"Ai ba a kunna inji rabi, Mama," in ji Tilman. "Asarar ruwa ne."

Ku da ba ku san ƙarfe ba, bari in gaya muku. Kayan tiyata ba sa tsatsa, an yi su ne don ruwa. Hilda kuwa tsohon ƙarfe ne da aka buga cikin gaggawar yaƙi, man da ya shekara tamanin yana shiga jikinta shi ne rigarta. Sabulu da ruwan zafi sun tuɓe ta tsirara. Iska na bugunta, muna tsaye muna kallo, sai ga ja-ja yana tsirowa a jikinta, nan ɗigo, can ɗigo, kamar ƙyanda.

Baba bai yi ihu ba. Da ma ihun ya yi. Hularsa ya cire ya riƙe a ƙirji, ya durƙusa gaban injin, ya ce a hankali, "Hilda." Ni tunda nake ban taɓa jin ya kira sunana da wannan muryar ba.

Ya miƙe. "Dabarar wa ce?"

Na kalli Kaka. Kek take ci abinta, tana tsince tuffar da cokali mai yatsu. Na kalli Tilman. Murnar ta zube daga fuskarsa, kunnuwansa sun yi ja. Ya dubi tsohuwar sau ɗaya, ya sunkuyar da kai.

"Tawa ce, Maigida. Ni kaɗai."

"Inna ba ta hana ka ba?"

"Ba ta... barci ya ɗan ɗauke ta."

Ƙarya! Mutumin da ko tikitin jirgin ƙasa bai taɓa ha'inci a kai ba, ga shi yana shirga ƙarya a gaban babana. Wayar na hannuna, shaidar na ciki, in na miƙa ta magana ta ƙare. Amma in miƙa wa? In tona kakata a gaban ɗanta? In yi shiru kuma in rasa bikina? Na ji hawaye sun cika min ido, ga allura na sukana a ƙeya.

"Ɗauki burusanka," in ji Baba. "Na farko taga ya fasa min. Na biyu hannunsa ya ƙona, nasa ne. Kai kuwa..." Ya kasa ƙarasawa, ya nuna masa ƙofa.

Tilman ya ce, "Ku yi haƙuri," ya juya. Har ya kai bakin ƙofa ya sunkuya kan takalmansa, ni kuma na buɗe baki ban san me zai fito ba, sai muka ji cokali ya bugi faranti.

"Kai, ɗan Kudu. Dawo ka zauna, kofinka zai huce." Kaka ta goge baki. "Barci wai. Ni rabona da barcin rana tun kafin a rushe katangar Berlin. Detlef, ni na ce ya zuba ta. Ni na sa sabulun, ni na danna. Yaron nan sau uku yana ce min anya."

"Inna! Kin san abin da ruwa ke yi wa..."

"Na fi ka sani. Kai ma zauna."

Baba ya zauna. Mutumin da tsararsa duk sun yi jikoki, amma in Kaka ta ce zauna, zama yake.

"Kana ganin hoton yayana Arno a ɗakina kullum," ta ce. "Ka taɓa tambayata me yake yi a yaƙin? Akwatin jigida yake ɗauka wa irin ƙarfen nan. Shekararsa goma sha bakwai, ko gemu bai fara ba. Ranar da za su tafi ya biyo gida, ya ɗaga ni sama, ya sa min ƙwayar sukari a baki. Rigarsa warin man nan take. Shi ke nan ganina da shi, ko kabari ba a nuna mana ba." Ta tura farantin gefe. "Na girma, na auri ubanka, Asabar ɗin farko ina cikin kicin ɗin nan sai ga warin ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Na yi wa ubanka shiru, don da ita muke ci. Kai ma na yi maka shiru. Yau na ga yaro mai farar riga yana ta fama, na ce bari dai sau ɗaya kafin in mutu in ji kicin ɗina yana ƙanshin sabulu ranar Asabar."

Mama ta sa gefen mayafina tana share ido, ta manta a kaina yake.

"Inna, ba ki taɓa faɗa ba," in ji Baba.

"Ba ka taɓa tambaya ba. Ku mazan gidan nan in ba ƙarfe ne ya yi tari ba, ba kwa jin komai."

Ta miƙa hannu ta ɗauko baƙar safar nan tata daga gefen tanda, ta kaɗe garin kek, ta ce wa Tilman, "Kawo hannunka na dama."

Baba ya ƙura wa safar ido. Na ga gashin bakinsa ya motsa. Ya tashi da sauri ya nufi falo, muka ji an ja kujera, an sauko da akwati. Ya dawo da shi a buɗe. Babu komai a ciki sai tsofaffin maɓallan riga.

"Inna... safar Baba ce wannan?"

"Tun sati biyu da binne shi. Ba ta ƙona hannu, ga kauri. In bar ta a akwati asu ya ci?"

"Shekara da shekaru ina wucewa ina rage murya!"

"Ka rage wa maɓallai. Kullum a gabanka nake zaro kek da ita, amma kai abin da ke cikin faranti kawai kake gani."

Dariya ta ƙwace wa Mama, ni ma ta ƙwace min, ga hawaye ga majina. Kaka ta zura wa Tilman safar har wuyan hannu. Shi kuwa ya tsaya da hannu a sama, bai san ko ya yi godiya ko ya ba da haƙuri ba, sai ya yi duka biyun.

Baba ya juyo kan Tilman. Sannan ya ce, "Ka yi min ƙarya."

"Na yi, Maigida."

"Ba ka iya ba ma."

"Ban saba ba ne."

Baba ya ja dogon numfashi. "Safar da Inna ta sa maka, ban isa in cire ba. Amma hoto sai Hilda ta yi magana. In ta buɗe baki ranar Litinin, zan sa kwat in riƙe hannun 'yata. In ta yi shiru a gaban sojoji ɗari, kai da ni sai a lahira." Ya jefa masa tsumma. "Kwaso ta. Da mai ake yi, ɗan Kudu, da mai! Tsatsar sabuwa ce, in muka bi ta yanzu za ta fita. Ke kuma cire wannan labulen daga kanki ki zo, dokar ta faɗi."

Haka muka zauna mu uku a shago, kowa da tsumma da gwangwanin mai, muna bin ja-jan nan ɗigo bayan ɗigo. Farar rigar Tilman ta koma abin tausayi. Can na ji Baba na nuna masa yadda ake juya burushi a cikin bututu, har ya ce masa "yawwa". Sven da Maik ba su taɓa jin kalmar nan ba. Mama ta kawo mana kofi, kowa ya kurɓa ya ajiye, don kofunan duk ɗanɗanon albarushi suke.

Ni aka aika in mayar da su kicin. Na samu Kaka ita kaɗai a bakin taga, ta buɗe gwangwanin sukari tana jefa wani abu a ciki. Ƙwal! Sukari ba ya wannan ƙarar. Na leƙa. Ɗaya daga cikin ƙananan ƙarafan nan ne masu kama da goro, kwance a cikin farin sukari.

"Kaka!" na ce da raɗa. "In babu wannan ba za ta yi magana ba! Bikina fa!"

"Na sani. Ai ina jin wa'azin ta bango." Ta mayar da murfin ta danna. "Zan ba yaronki da hannuna, ya ce a ƙarƙashin tebur ya tsinta. Amma ba yau ba."

"Sai yaushe? Jibi ne fa, da asuba!"

Ta kamo hannuna mai maiƙo ta riƙe a nata. Hannun ba nauyi.

"Tun ina 'yar shekara goma ƙarfen nan ke magana a kaina, Merle. Ki bar shi ya kwana ɗaya a gidan nan ba shi da baki. Ni ma in ji yadda barci yake."

Ina tsaye da kofuna a hannu, sai muryar Baba ta taso daga shago, irin muryar da ke sa karen maƙwabta shiga ƙarƙashin mota.

"Merle! Zo nan! Biyu na ajiye, ɗaya nake gani. Ke idonki ya fi nawa, ba ki ga inda ya shiga ba?"

Kaka ta ɗauki gwangwanin sukarin ta ɗora a cinyarta, ta rufe shi da hannu biyu, ta ɗago tana kallona.

"Ina zuwa, Baba," na ce. "Bari in duba ƙarƙashin injin."